Ma'aikatan Google sun ƙi aikin Maven, amma aikin bai tsaya ba: me ƙin nasu ya amfana?

Ɗalibin Kwamfuta ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon waɗanda suka fi ni sanin harkar fasaha, ko harkar soja, ko shari'a, su taimaka mini da fahimtarsu.

A shekarar 2018 dubban ma'aikatan kamfanin Google suka sa hannu a wata takardar koke, suka nemi shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya janye su daga wani aiki na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna Maven, wanda a cikinsa ake koya wa kwamfuta duba bidiyon da jirage marasa matuƙa suka ɗauko domin ta riƙa tantance mutum da mota da gini. Kamfanin ya sanar cewa ba zai sabunta kwangilar ba, aka ɗauki hakan a matsayin nasarar ma'aikata. Sai dai aikin bai mutu ba, domin kamfanin Palantir ya ci gaba da shi, sannan a watan Fabrairun 2025 Google ya cire alkawarin da ya rubuta cewa ba zai ƙera ƙirƙirarriyar basira domin makamai ba.

Tambayata kashi biyu ce. Idan har aikin da mutum ya ƙi zai koma hannun wani a ci gaba da shi, me ƙin nasa ya amfana? Sannan shi injiniyan da ya rubuta manhaja, yana da alhakin abin da soja ya aikata da ita, ko kuwa matsayinsa ɗaya da na maƙerin da ya ƙera wuƙa ya sayar a kasuwa?

Malama Mai Lissafi ta amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kafin a auna amfanin abin da suka yi, ya kamata a san abin da suka ƙi, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙyamar soja ce kawai ta motsa su, alhali ba haka zancen yake ba.

Ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa Maven a watan Afrilun 2017, saboda jiragenta marasa matuƙa suna tara bidiyo fiye da yadda idon ɗan Adam zai iya dubawa. Google ya shiga aikin ba tare da ya shaida wa yawancin ma'aikatansa ba, kuma duniya ba ta ji labarin ba sai a watan Maris na 2018, lokacin da shafin Gizmodo ya wallafa shi. A nan ne ɓacin ran ya samo asali: mutum ya ɗauki aiki da niyyar gyara injin bincike ko taswira, sai ya wayi gari ya tarar wani ɓangare na guminsa yana cikin sarƙar da ƙarshenta harba makami ne, kuma babu wanda ya nemi ra'ayinsa. Kamfanin ya kare kansa da cewa aikin ba na kai hari ba ne, manhajar tana ware hotuna ne kawai domin mutum ya duba, kuma hakan zai iya ceton rayuka. Ma'aikatan suka ce ware hoto shi ne matakin farko na zaɓen wanda za a kai wa hari, don haka ba za a raba shi da abin da ya biyo baya ba. Fiye da mutum 3,000 ne suka sa hannu tun a farkon Afrilu, wasu kuma suka ajiye aiki gaba ɗaya, cikinsu har da Laura Nolan, injiniya a ofishin kamfanin na Dublin, wadda daga baya ta shiga ƙawancen masu neman a haramta makamai masu kisa da kansu.

Game da amfani kuwa, ni ina ganin akwai shi, ko da yake bai kai yadda aka yi zato ba a lokacin. A watan Yunin 2018 Google ya wallafa ƙa'idojinsa, ya rubuta ƙarara cewa ba zai yi makamai ba, ba zai kuma yi fasahar sa ido da ta saɓa wa ƙa'idojin da duniya ta amince da su ba. A watan Oktoba na shekarar ya janye daga neman JEDI, wata kwangilar adana bayanai ta ma'aikatar tsaron mai darajar dala biliyan 10, yana mai cewa ba shi da tabbacin za ta dace da waɗannan ƙa'idoji. Kuɗin Maven bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da wannan, saboda haka ba ƙaramin abu aka fasa ba. Gaskiya ne cewa a ƙarshen 2022 Google ya samu kaso a wata kwangilar adana bayanai ta ma'aikatar tsaron, mai darajar dala biliyan 9, tare da Amazon da Microsoft da Oracle, kuma gaskiya ne an goge alkawarin a 2025. Amma da yake rubutacce ne, sai da aka goge shi a bainar jama'a, jaridu suka ruwaito, shugabannin kamfanin kuma suka fito suka ba da dalilinsu, wato gasar da ake yi tsakanin ƙasashe a wannan fanni. Da babu koken 2018, da duk wannan a asirce zai gudana.

Kada kuma ka auna irin wannan gwagwarmaya da shekara ɗaya ko biyu. A 1970 wasu baƙaƙen fata ma'aikatan kamfanin Polaroid a Amurka, Caroline Hunter da Ken Williams, suka gano cewa ana amfani da kayan kamfaninsu wajen ɗaukar hotunan takardun wucewa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu take tilasta wa baƙaƙe riƙewa. An kori Hunter daga aiki, kuma kamfanin bai fice daga ƙasar ba sai a 1977. Duk wanda ya yanke hukunci a 1972 zai ce wahalar banza suka sha.

Tsohon Soja ya amsa:

Malama ta kawo tarihi yadda yake, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da saɓani da ita a kan inda ta karkata, kuma ina so ɗalibinmu ya ji ɗaya ɓangaren daga bakin wanda ya taɓa ɗaukar bindiga.

Kamfanonin nan ba baƙi ba ne a wurin soja. Intanet ɗin da muke rubutu a kanta ta samo asali ne daga ARPANET, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta a 1969, haka kuma tauraron ɗan Adam da ke nuna wa direba hanya a wayarsa na sojan Amurka ne. Wanda ya ce hannunsa bai taɓa aikin soja ba alhali yana cin abinci a wannan sana'a, bai duba asalinta da kyau ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, ana magana kamar idon mutum ba ya kuskure. Ranar 29 ga Agustan 2021 a Kabul, sojojin Amurka sun shafe sa'o'i suna bin wata farar mota da jirgi maras matuƙi, suka ɗauki jarkokin ruwa a matsayin abubuwan fashewa, suka harba makami, suka kashe mutum 10 'yan gida ɗaya, 7 daga cikinsu yara. Mutane ne suka duba, mutane ne suka yanke hukunci, cikin tsoro da gaggawa, kwana uku bayan harin da aka kai filin jirgin saman birnin. Duk wanda ya taɓa yin gadi har asuba ya san yadda gajiya take mayar da kututture mutum a idon mai kallo. Idan akwai na'urar da za ta rage irin wannan kuskure, to ƙwararren da ya ƙi sa hannu a ƙera ta shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Sannan akwai batun wanda ke da hurumin yanke shawara. A watan Fabrairun 2019 wasu ma'aikatan Microsoft sun nemi kamfaninsu ya soke kwangilar dala miliyan 480 ta samar wa sojojin ƙasa na Amurka tabarau na HoloLens, shugaban kamfanin, Satya Nadella, ya ce ba za su hana hukumomin da aka zaɓa ta hanyar dimokuraɗiyya fasaha ba. Ni ina ganin yana da hujja. Yaƙi da zaman lafiya hukunci ne na gwamnati da majalisa, waɗanda talaka zai iya kayar da su a akwatin zaɓe, amma injiniyan da ke zaune a Kalifoniya babu wanda ya zaɓe shi. Kuma idan masu tsoron Allah da masu tausayi duk suka fice daga ɗakin da ake ƙera abin, ba a rufe ɗakin ba, an dai bar shi ga waɗanda ba ruwansu.

Inda na tsaya tare da masu koken shi ne, kada a bar na'ura ta yanke hukuncin kisa ita kaɗai. Ita kanta ma'aikatar tsaron Amurka tana da umarni tun 2012, wanda aka sabunta a 2023, da ya ce dole a tsara irin waɗannan makamai yadda kwamanda zai yi amfani da hankalinsa gwargwadon da ya dace. Muddin mutum ne mai danna kunama, ban ga laifin taimaka masa ya gani da kyau ba.

Lauya Mai Nazarin Dokokin Yaƙi ya amsa:

Ranka ya daɗe, Tsohon Soja, jimlarka ta ƙarshe ita ce ainihin wurin da gardamar take, kuma a nan nake roƙon ka dakata mu duba tare, domin kasancewar mutum a gaban kwamfuta ba ta nufin shi ne ya yanke hukunci.

A watan Afrilun 2024 mujallar +972 da shafin Local Call suka wallafa binciken ɗan jarida Yuval Abraham, wanda ya dogara da shaidar jami'an leƙen asirin Isra'ila guda 6, a kan wani tsari mai suna Lavender da aka yi amfani da shi a Gaza. Jami'an sun ce tsarin ya lissafa Falasɗinawa kusan 37,000 a matsayin waɗanda ake zargi, an san yana kuskure a kusan kashi 10 cikin 100, kuma wani daga cikinsu ya ce daƙiƙa 20 yake ɓatawa a kan kowane suna, galibi don ya tabbatar namiji ne. Rundunar sojin Isra'ila ta musanta cewa tana da tsarin da ke zaɓen waɗanda za a kashe, ta ce rumbun bayanai ne da masu nazari ke amfani da shi, kuma adalci ne a faɗi haka. Amma idan shaidar jami'an nan gaskiya ce, to a takarda akwai mutum mai danna kunama, a aikace kuwa hatimi kawai yake bugawa. Daƙiƙa 20 ba ta isa a tantance mayaƙi da farar hula ba, balle a auna ko asarar rayukan da za a yi ta wuce kima, kuma waɗannan biyun su ne ginshiƙan dokar yaƙi.

Hujjar rage kuskure tana da rauni a nan. Ana sayen waɗannan tsare-tsare ne domin sauri, kuma rundunar da a da take iya tantance wurare kaɗan a wata, idan ta samu na'urar da ke fitar mata da ɗaruruwa a rana, ba za ta ci gaba da kai hari kaɗan cikin natsuwa ba. Ko da kuskuren kowane hari ya ragu, yawan hare-haren zai iya sa adadin matattu ya ƙaru. Bugu da ƙari, sananne ne cewa mutum yakan sakankance da abin da kwamfuta ta nuna masa, musamman idan ya gaji, wato gajiyar da ka ambata ba ta gushe ba, ta koma ta zama dalilin amincewa da na'ura ba tare da bincike ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na lauya shi ne wanda za a tuhuma. Dukanmu muna tuna Tudun Biri a jihar Kaduna, daren 3 ga Disamban 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya kai hari kan masu Mauludi, hukumar ba da agajin gaggawa ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Babu wanda ya ce ƙirƙirarriyar basira ce ta zaɓi wurin, kuma saboda mutane ne suka yi, an samu wanda za a nuna: babban hafsan sojojin ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri, daga baya hedikwatar tsaro ta ce za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja. Ka ƙaddara tsarin kwamfuta ne ya ce taron na 'yan bindiga ne. Jami'in zai ce na'ura ya bi, kwamanda zai ce an sayo ta ne da shaidar inganci, kamfanin da ke wata nahiya zai ce yarjejeniyarsa ta ɗora alhaki a kan mai amfani, iyalan mamata kuma su rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Wannan ba hasashe ne mai nisa da mu ba, domin rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Maris 2021 ya ce a Libiya, maƙwabciyar Nijar da Chadi, an yi amfani da jirgin Kargu-2 ƙirar Turkiyya wanda aka tsara ya kai hari ba tare da an haɗa shi da mai sarrafawa ba.

Game da cewa gwamnati ce mai hurumi, na yarda, amma gwamnatoci suna jan ƙafa. A watan Disamban 2023 ne Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan makamai masu sarrafa kansu, da ƙuri'u 152, kuma ƙudurin bai haramta komai ba, rahoto ya nema. Ma'aikacin da ya ƙi aiki bai ƙwace ikon majalisa ba. Hannunsa kawai ya janye, kuma yana biyan farashi. A watan Afrilun 2024 Google ya kori mutum 28 a tashin farko, adadin ya kai kusan 50, bayan zaman dirshan a ofisoshinsa na New York da Sunnyvale a kan kwangilar adana bayanai mai suna Nimbus ta dala biliyan 1.2 da shi da Amazon suka ƙulla da gwamnatin Isra'ila a 2021. Microsoft ma ya kori ma'aikatan da suka katse bikin cikarsa shekara 50 a watan Afrilun 2025 domin nuna adawa da hulɗarsa da sojojin Isra'ila. Amma a watan Satumba na shekarar, bayan binciken jaridar Guardian ya nuna ana adana ɗimbin kiran wayar Falasɗinawa a Azure, rumbun adana bayanai na Microsoft, kamfanin ya sanar da yanke wa wani sashe na ma'aikatar tsaron Isra'ila wasu hidimomi. Abin da ma'aikatan suka daɗe suna faɗa ana musantawa, shi kamfanin ya bincika ya ce ya ga shaidar da ke goyon bayan wani ɓangare nasa.

Almajirin Fiƙihu ya amsa:

Allah ya saka wa malamai da alheri. Zan taɓa kashi na biyu na tambayar ne kawai, domin malamanmu na da sun tattauna shi tun kafin a san kwamfuta.

Ƙera makami ba laifi ba ne a kan kansa, domin Alƙur'ani, a Suratul Anfal aya ta 60, ya yi umarni da tanadin ƙarfi, kuma al'ummar da 'yan bindiga suka addaba ta fi kowa sanin darajar tsaro. Amma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare haddi, kuma a kan wannan ne malaman Malikiyya suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, suka kuma hana sayar da makami ga masu tayar da fitina. Hukuncin yana rataye ne a kan sani ko rinjayen zato. Saboda haka, ɗan'uwa, maƙerin da ka ambata ba shi da alhakin wuƙar da ya kai kasuwa bai san mai saye ba, amma idan sanannen ɗan fashi ya zo maƙera ya ba shi aikin takobi, ya faɗa masa tsawon da yake so, ba zai ce shi ƙarfe kawai ya bugu ba. Injiniyan da aka ba bidiyon jirgin yaƙi aka ce ya koya wa kwamfuta gane mutum a cikinsa ya fi kusa da na biyun.

Cewa wani zai yi idan ka ƙi ba ta sauke maka nauyi, domin kowa abin da hannunsa ya aikata za a tambaye shi. Kuma wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, umarni ne ga mai hankali wanda zai duba ya gane ya kame hannunsa, ya kuma amsa tambaya idan ya saɓa.

Ɗalibin Kwamfuta ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamai. Idan hukuncin yana rataye a kan sani, yaya matsayin irinmu da muke karɓar ƙananan ayyuka ta intanet daga kamfanonin waje, kamar sa wa hotuna alama, ba tare da an gaya mana inda aikin zai ƙare ba?

Malama Mai Lissafi ta sake amsawa:

Ƙanena, wannan ya riga ya faru a cikin Maven ɗin kansa. A watan Fabrairun 2019 shafin The Intercept ya ruwaito cewa Google ya yi amfani da kamfanin Figure Eight, wanda ke raba irin waɗannan ƙananan ayyuka ga mutane ta intanet, wajen sa wa hotunan aikin alama, kuma masu yin aikin ba su san na ma'aikatar tsaro ba ne. Injiniyan Google yana da albashi mai tsoka da abokan aiki dubbai da jaridun da za su saurare shi, amma mai zana akwati a kan hoton mota don 'yan kuɗi kaɗan ba a ma ba shi damar ya ƙi ba, kuma a ganina wannan ya fi abin da aka yi wa injiniyoyin muni.

Yanzu gane inda aiki zai ƙare ya ƙara wuya, domin a watan Janairun 2024 kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya cire haramcin ayyukan soja da yaƙi daga ƙa'idojin amfani da manhajarsa, a watan Nuwamba na shekarar kamfanin Meta ya buɗe manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira mai suna Llama ga hukumomin tsaron Amurka, sannan a watan Yulin 2025 ma'aikatar tsaron ta sanar da kwangiloli da kamfanonin Anthropic da Google da OpenAI da xAI, kowanne har zuwa dala miliyan 200. Duk da haka hoton da ke gabanka yana ba da labari. Hoton ganyen masara mai cuta ko rasit na kanti daban yake da hoton da aka ɗauka daga sama ana neman ka ware masu tafiya a ƙasa, ko motocin a-kori-kura, ko wanda ke riƙe da dogon abu a kafaɗa. Idan ka ga irin na biyun, ka tambayi wanda ya ba ka aikin a rubuce wane ne abokin cinikinsa da abin da za a yi da bayanan, ka adana amsar da ya ba ka, ka kuma sanar da sauran masu aiki a dandalin abin da ka gani, domin su ma yawancinsu ba a gaya musu ba. Idan ya ƙi amsawa, ko ya ce yarjejeniyar sirri ta hana shi, to zatonka ya riga ya rinjaya, kuma kana da damar mayar da wannan aikin ka ɗauki wani.